Ɗiyata 'yar sofbol tana ramewa, kafaɗarta na ciwo: in bar ta ta ɗaga ƙarfe?

Assalamu alaikum. Ni uwa ce, muna zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka. Ɗiyata mai shekara 16 tana buga wasan sofbol, wanda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, tun tana shekara 11, kuma ita ce mai jifa a ƙungiyar makarantarsu, idan an yi dogon hutu kuma tana buga wa wata ƙungiya ta waje da ke yawon gasa gari-gari. Wata biyu ke nan tana kukan ciwo a gaban kafaɗarta ta dama, sai ta sha maganin kashe zafi ta shiga fili. Kocinsu ya ce ta riƙa zuwa ɗakin motsa jiki tana ɗaga ƙarfe, amma ni da babanta muka hana, don muna tsoron kada ta yi ƙirar maza. Maimakon haka sai ta ɗauki gudun kilomita biyar kowace safiya, ta kuma rage cin abinci wai don ta yi sauƙin jiki, har ta rame. Burinta ta samu tallafin karatun jami'a ta hanyar wasan. Ta kuma gaya mini al'adarta ta ɗauke wata huɗu, amma ƙawayenta sun ce haka ake yi idan ana motsa jiki sosai. Shin in raba ta da wasan baki ɗaya, ko in bar ta ta bi maganar kocin?

Uwa mai damuwa, Houston.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya raya miki ita. Zan fara da maganar da za ta iya yi miki nauyi, amma gara ki ji ta tun daga farko: abin da kuka hana ta, wato ɗaga ƙarfe a gaban wanda ya san aikin, shi ne jikinta yake buƙata, abin da kuka zuba mata ido tana yi kuwa, wato dogon gudu kullum haɗe da rage abinci, shi ne yake cin ta. Ban ga laifinki ba, domin duk uwar da ta taso a inda muka taso, idan aka tambaye ta tsakanin gudu da ƙarfe wanne ya fi dacewa da 'ya mace, gudun za ta zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Kuma ban ga dalilin raba ta da wasan da ta shekara biyar tana ƙauna ba, matuƙar an gyara yadda take shirya masa jiki.

Sai dai kafin maganar ƙarfe ko ta kafaɗa, akwai wadda kika sako a ƙarshen wasiƙarki kamar ƙaramar magana, alhali ta fi sauran gaggawa. Yarinyar da ta saba ganin al'adarta, sannan ta ɗauke mata wata uku ko fiye, likita ya kamata ta gani, ko 'yar wasa ce ko ba 'yar wasa ba. Maganar ƙawayenta ta yaɗu sosai a tsakanin 'yan wasa mata, amma yawan faruwar abu ba ya mayar da shi lafiya. Abin da yake faruwa shi ne, idan abincin da ke shiga jiki bai kai aikin da ake ɗora masa ba, sai jikin ya shiga tsimi, ya rage ayyukan da yake ganin za a iya rayuwa ba tare da su ba, kuma daga cikin na farkon da yake ragewa akwai sinadaran da ke tafiyar da al'ada. Ɗaya daga cikinsu, istirojin, shi ne mai taimaka wa ƙashin mace ya yi ƙwari, kuma mafi yawan ƙwarin ƙashin da mace za ta yi rayuwarta da shi tana tara shi ne kafin ta cika shekara 20. Ke nan ɗiyarki tana cikin shekarun tarawa ne, kuma abin da ya wuce ta a yanzu ba lallai ne ta iya mayar da shi duka daga baya ba. Tun a 1992 kwalejin likitancin wasanni ta Amurka ta haɗa waɗannan abubuwa uku, ƙarancin abinci da ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi, a matsayin matsala guda da ke damun 'yan wasa mata, sannan a 2014 Kwamitin Olympics na Duniya ya faɗaɗa bayanin, ya nuna cewa matsalar tana taɓa garkuwar jiki da zuciya da narkewar abinci da natsuwar mutum, kuma tana rage ƙwazon da aka rage abincin dominsa.

Saboda haka ki nema mata ganin likita a cikin makon nan, ki gaya masa komai: gudun, da ragin abincin, da ramar, da watannin da al'adar ta ɗauke. Shi ne zai tantance ko akwai wani dalili daban, domin matsalar ƙwayar tayirod da ke wuya ko ta ƙwayayen mahaifa su ma suna ɗauke al'ada. Ki roƙi a duba yawan jininta, da ajiyar sinadarin ayan mai gina jini, da bitamin D, wanda yakan yi ƙasa ga masu baƙar fata, musamman waɗanda suke rufe jiki. Idan aka ce a ba ta ƙwayar tsarin iyali don kawai al'adar ta dawo, ki nemi ƙarin bayani, domin jinin da ƙwayar ke kawowa yana rufe alamar ne, bai gyara tushen ba, kuma masana wannan fanni ba su ɗauke ta a matsayin maganin wannan matsala ba. Maganin shi ne ta ci ta ƙoshi, a kuma rage wa jikin aiki har ya dawo hayyacinsa.

A gida kuma ina roƙonki kada lokacin cin abinci ya zama lokacin faɗa. Yarinyar da ta rage abinci don cimma buri tana ganin kanta a matsayin mai ƙoƙari ne, idan aka tsare ta da faɗa sai ta koma ɓoyewa. Ki bi ta hanyar da za ta saurara, ki nuna mata cewa jifanta ba zai ƙara gudu ba sai da abinci. Amma ki sa ido: idan kin ga tana hawa ma'auni sau da yawa a rana, ko tana ɓoye abinci, ko tana tashi zuwa banɗaki da zarar an gama ci, to abin ya wuce maganar wasa, ki gaya wa likita ya haɗa ku da masu kula da matsalar cin abinci. Game da abin da za ta ci, ba sai kun sayi garin robobin da ake tallata wa 'yan wasa ba, tukunyarki ta wadatar. 'Yar wasa tana buƙatar furotin tsakanin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinta a rana, wato idan tana da kilo 55 tana neman giram 66 zuwa 110, a rarraba shi safe da rana da dare, kuma ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Wake da kifi da kaza da nama da gyaɗa duk suna cike wannan gurbi. Tuwo da shinkafa da dankali da take ƙaurace wa su ne makamashin gudun da jifan. Yarinya mai shekarunta tana buƙatar miligiram 1,300 na kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, a rana, kofin madara ɗaya kuwa yana ba da kimanin 300, don haka nono da kindirmo su yawaita. Ayan kuma miligiram 15 ne, ana samunsa a hanta da jan nama da wake da ganye irin zogale da alayyahu, kuma jiki ya fi ɗaukarsa idan an haɗa da lemo ko tumatir, shayi kuwa yana tare shi idan aka sha tare da abincin.

Yanzu mu dubi wasan kansa, domin shi ne zai gaya mana irin horon da ya dace. A sofbol ɗin mata, tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 43 ne, wato mita 13 da 'yan kai, tsakanin tasha da tasha kuma (wuraren da mai bugu ke rugawa bayan ta bugi ƙwallo) ƙafa 60, wato mita 18 da 'yan kai. Ƙwararrun 'yan jami'a suna jefa ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 100 a sa'a, Monica Abbott ta Amurka ma ta taɓa jefa ta da gudun kilomita 124 a 2012, don haka mai bugu ba ta da ko rabin daƙiƙa kafin ta yanke shawara ta kai duka. Mai sauri tana isa tasha ta farko cikin kimanin daƙiƙa uku. Duk wasan, zagaye bakwai ɗin da ake yi a cikinsa, a kan irin wannan yunƙuri aka gina shi: a fito da ƙarfi gaba ɗaya cikin daƙiƙa biyu ko uku, a huta, a sake. Babu inda 'yar sofbol take gudun minti talatin ba tsayawa. Gudun kilomita biyar kowace safiya yana koya wa jiki jure tafiya mai tsawo a hankali, yana kuma cinye abincin da ya kamata ya gina tsoka, don haka ɗiyarki tana wahala ne a kan abin da filin wasa ba zai tambaye ta ba. Idan likita ya ba da izini, abin da zai maye gurbinsa shi ne gajeren gudu da iyakar ƙarfi, mita 10 zuwa 20, sau shida zuwa goma, tana hutawa sosai tsakanin kowanne har numfashinta ya daidaita, sau biyu a mako. Sassarfa ta minti ashirin sau ɗaya ko biyu a mako ta isa ta riƙe mata lafiyar zuciya.

Sai tsoronku ke da Alhaji game da ƙirar maza, wanda na ɗauke shi da muhimmanci domin na san daga ƙauna ya fito. Abin da ke sa tsokar namiji ta kumbura shi ne sinadarin testosteron, wanda a jikin namiji baligi ya ninka na mace kusan sau goma sha biyar. Matan da ake nunawa a hotuna da murɗaɗɗen jiki sun shafe shekaru ne suna wani horo na musamman da nufin kumbura tsoka, wasunsu kuma har da shan ƙwayoyi. Yarinyar da ke ɗaga ƙarfe sau biyu ko uku a mako domin wasa, ƙarfi za ta ƙara da ƙwarin ƙashi, jikinta ya tsaya daram, amma surarta ta mace tana nan. Ki tuna iyayenmu da kakanninmu da suka tashi suna daka da surfe kullum da taɓarya mai nauyi, suna ɗauko tulu daga rafi, babu wadda aikin ya raba da kamanninta na mace, kuma duk wadda ta iya daka ta san ba da hannu kaɗai ake yi ba, daga ƙafa da ƙugu ƙarfin yake tasowa, wadda ta dogara da hannu kuwa ba ta kai ƙarshen turmi sai kafaɗa ta gaza. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a rahotonta na 2020, ta bayyana cewa horon ƙarfi yana da amfani ga yara da matasa, kuma ba ya hana tsawo, matuƙar akwai mai kula da ya ƙware kuma ana bin ƙa'ida. Idan damuwar ta haɗa da cuɗanya da maza ko sutura, wannan abu ne mai sauƙin warwarewa: ku nemi ta riƙa yi tare da 'yan ƙungiyarta mata, ko a gaban mai horarwa mace, cikin dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwalinta.

Maganar ƙafa da ƙugu ita ce ta kawo mu kan kafaɗar. Wata rana ki tsaya a gefe ki kalli jifan mai jifa da kyau. Za ki ga ta tsaya a kan ɗan farantin roba, ta ɗan ja nauyinta baya, sannan ta tunkuɗa ƙasa da ƙafar dama ta yi wani dogon taku gaba da ya kusan kai tsawon jikinta, hannun kuma ya tashi ta gaba, ya haye sama ya gifta kunne, ya zagayo ta baya. Sai ƙafar hagu ta cake a ƙasa ta tsayar da jikin, ƙugu ya juyo, hannun ya sauko kamar walƙiya ya saki ƙwallon daidai cinya. Ƙarfin da ƙwallon ta tafi da shi daga ƙasa ya taso, ya bi ƙafa da ƙugu da tsakiyar jiki, hannu shi ne na ƙarshe da ya karɓa ya miƙa. Idan ƙafa da ƙugu ba su da ƙarfi, ko sun gaji da gudun safiya, ko babu abinci a jikin, yarinya ba za ta yarda jifanta ya rage gudu ba, sai ta nemi cikon daga kafaɗa, kuma kafaɗa ba a yi ta don ɗaukar wannan kaya ita kaɗai ba.

An daɗe ana cewa jifan sofbol, da yake ta ƙasa ake sakinsa, bai da illa kamar na besbol, wasa mai kama da shi da maza suka fi yi, wanda ake jifansa ta sama, kuma har yanzu za ki ji wannan magana a bakin wasu kococi da iyaye. Bincike bai goyi bayanta ba. An auna jifan matan da suka buga gasar Olympics ta Atlanta a 1996, shekarar da sofbol ta fara shiga gasar, aka ga ƙarfin da ke fizgar hannu daga kafaɗa a lokacin sakin ƙwallo ya kusan kai nauyin jikin mai jifan. Jijiyar ƙwanjin hannu, wadda ta bi ta gaban kafaɗa, tana shan aiki sosai a wannan jifa, shi ya sa ciwon gaban kafaɗa, irin wanda ɗiyarki take kuka da shi, ya zama sananne ga masu jifa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, a besbol ɗin yara maza an kafa dokokin ƙidayar jifa da kwanakin hutu, amma a mafi yawan gasannin sofbol babu irin wannan doka, don haka yarinya ɗaya za ta iya yin jifa a wasanni da dama cikin Asabar da Lahadi. 'Yan wasa suna son ba da labarin Yukiko Ueno ta Japan, wadda ta yi jifa 413 cikin kwana biyu a Beijing a 2008 har ƙasarta ta doke Amurka ta ɗauki zinare. Labarin gaskiya ne, amma Ueno babbar mace ce a lokacin, mai shekaru na horo a bayanta da masu kula da jikinta, kuma abin da ya fi burge ni game da ita shi ne ta sake ɗaukar zinare a Tokyo a 2021 tana da shekara 39. Jikin da aka kula da shi ne yake kai wannan zango.

Don haka jifa ya tsaya daga yau har sai likitan wasanni ko ƙwararren gashin ƙashi ya duba kafaɗar. Shan maganin kashe zafi a shiga fili ya tsaya shi ma, domin ciwon saƙo ne, maganin kuma yana toshe saƙon ne ya bar ɓarnar tana ci gaba. Idan ciwon yana tashinta daga barci, ko hannun yana mutuwa ko yana yi mata nauyi, ko ba ta iya ɗaga shi sama, ki faɗa wa likitan a fili. Idan lokacin komawa ya yi, a hankali ake komawa: jifa kaɗan daga kusa da rabin ƙarfi, ana tsallake rana, ana ƙarawa mako-mako idan ciwo bai dawo ba. Ki saya mata ɗan littafi ta riƙa rubuta adadin jifanta na kowace rana, har da na atisaye da na gaban malamin jifa, domin kocin makaranta bai san abin da ta yi a ƙungiyar waje ba, na wajen ma bai san na makaranta ba, ke kaɗai ce kike ganin jimillar.

Tsarin horon kansa ba shi da wuyar fahimta. Kwana biyu ko uku a mako, ba a jere ba, minti arba'in zuwa sa'a ɗaya. Ta fara da ɗumama jiki na minti goma cikin motsi, da sassarfa da ɗaga gwiwa da taku gefe-gefe da juya hannuwa, ba ta tsaya wuri ɗaya tana miƙa jiki mai sanyi ba. Daga nan sai manyan motsin ƙafa: tsugunno da tashi tana rungume da ƙarfe a ƙirji, dogon taku gaba da baya da gefe, sunkuyawa daga ƙugu da baya a miƙe tana ɗauko nauyi daga ƙasa, da kwanciya rigingine tana ɗaga ƙugu sama. Ta ba motsin ƙafa ɗaya muhimmanci, domin mai jifa da ƙafa ɗaya take tunkuɗawa, a kan ɗaya kuma take sauka. Sai na baya da kafaɗa, inda ja ya kamata ya fi turawa yawa, domin tsokokin da ke riƙe allon kafaɗa da ƙananan tsokoki huɗu da ke kewaye da gaɓar su ne birkin hannu bayan an saki ƙwallo. Waɗannan da igiyar roba da ƙaramin nauyi ake gina su, kuma akwai sanannen tsari na motsi goma domin masu jifa da ƙwararren gashin ƙashi Kevin Wilk da abokan aikinsa suka tsara, wanda duk mai wannan aiki a Amurka ya sani, ki tambaya a koya mata. Na ƙarshe shi ne tsakiyar jiki, da dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe, da jefa ƙwallo mai nauyin kilo biyu ko uku a bango daga gefe tana juya ƙugu. Kowane motsi ta yi shi sau shida zuwa goma sha biyar, ta maimaita zubi ɗaya zuwa uku, ta fara da nauyin da ba ya ɓata mata tsayuwa, a ƙara kaɗan-kaɗan. Makonnin farko na koyon motsi ne, ba na gwada ƙarfi ba.

Ba ki ambaci gwiwa ba, amma tunda ana gyara, a haɗa da ita. A wasannin da ake tsalle da juyawa ba zato, mata sun fi maza yawan tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da ninki biyu ko fiye, kuma wadda aka yi wa aiki takan ɗauki wata tara zuwa shekara kafin ta koma fili. Za ki iya gwada ta a gida: ta hau matakala ɗaya ta diro da ƙafa biyu a gaban madubi, ke kuma ki kalli gwiwoyinta. Idan sun karkato ciki kamar za su haɗu, ko ta dira da ƙafa a sandare har kika ji ƙarar dirar, akwai aiki a gaba. Abin da ake so shi ne dira mai laushi, ƙugu ya koma baya, gwiwa ta lanƙwasa tana kallon yatsun ƙafa. Atisayen dira da daidaita tsayuwa na minti goma sha biyar, sau biyu ko uku a mako, an tabbatar yana rage wannan rauni da kusan rabi.

Hutu ma ɓangare ne na horo, kuma a nan ne tsarin wasan yara a Amurka yake da rauni, domin daga kakar wasan makaranta da ke farawa a Fabrairu sai gasannin dogon hutu, daga nan sai na ƙarshen shekara, yarinya ta zagaye shekara ba ta ajiye ƙwallo ba. Likitocin yara suna ba da shawarar kwana ɗaya ko biyu na hutu a kowane mako, da jimillar wata biyu zuwa uku a shekara ba tare da wasan ba. Waɗannan watanni, misali Nuwamba da Disamba, su ne na gina ƙarfi a ɗakin motsa jiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya, idan kakar wasa ta shiga kuma sai a rage zuwa kwana biyu marasa nauyi don riƙe abin da aka tara. Barcinta ya kai sa'a takwas zuwa goma, kuma sa'ar da take ɓatarwa a gudun safiya ta fi amfani a kan gado.

Akwai abu guda da ya shafe mu musamman, wanda kocinta ba lallai ya yi tunaninsa ba. Ki tabbatar kun san rukunin jininta na gado, ko AA ce ko AS, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya. Mai AS lafiyarta ƙalau kuma tana wasa har matakin ƙoli, amma idan aka haɗa matsanancin gudu ba hutawa da zafin rana da ƙishirwa, jinin zai iya sauya siffa ya toshe ƙananan hanyoyi, tsoka ta saki, mutum ya faɗi. Saboda haka ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman gwajin daga 'yan wasan babban rukuninta tun 2010. Idan AS ce, koci da mai kula da lafiyar ƙungiya su sani, a bar ta ta huta tsakanin gudu, kuma da ta ji ƙafa ta saki ko numfashi ya sarƙe ta tsaya nan take. Zafin Houston da gumin da ke tattare da shi ba abin wasa ba ne ga kowa, don haka ta riƙa shan ruwa kafin ƙishi ya kama ta, ta duba fitsarinta ya kasance fari-fari, idan kuma ta auna kanta kafin wasa da bayansa, kowane kilo da ya ragu kimanin litar ruwa ce da za ta mayar. Idan azumi ya faɗo cikin kakar wasa, a mayar da horon ƙarfi bayan shan ruwa, a rage yawansa, sahur ya kasance mai nauyi da ƙwai ko wake da fura ko kunun gyaɗa, kuma idan matsalar abincin nan ba ta warware ba kafin lokacin, ku tambayi likita da malami game da halinta tun kafin a ga wata.

Game da tallafin karatu, kada ki kashe mata buri, amma ta san cewa kimanin kashi biyu cikin ɗari ne kawai na 'yan wasan sakandare a Amurka suke samun irin wannan tallafi, don haka karatunta ya ci gaba da zama a gaba, kuma masu zaɓen 'yan wasa ba sa ɗaukar kafaɗar da ta lalace. Bayan kun ga likita, ku nemi zama da kocin makarantar tare da mai kula da lafiyar 'yan wasa, ke da Alhaji da ita kanta. Ku tafi da takardar likitan da ɗan littafin jifan, ku tambayi wanda zai tsaya a kanta a ɗakin motsa jiki da irin shaidar ƙwarewar da yake da ita, ku kuma amince a kan adadin wasannin da za ta yi jifa a mako da wadda za ta karɓe ta idan ta gaji. Irin wannan zama ku yi shi da kocin ƙungiyar waje ma, kuma idan ya nuna ba zai iya hutar da ita ba alhali likita ya ce ta huta, ku nema mata wata ƙungiyar. Ki sa Alhaji ya raka ta ɗakin motsa jikin a rana ta farko ya ga irin nauyin da za a fara ba ta da yadda ake tsayawa a kanta, sannan ki rubuto mini bayan wata biyu in ji abin da likita ya gano da yadda kafaɗar take.